Tsibirin Sikiliya a Hannun Normawa: Daular da Aka Gina da Alƙalamin Musulmi

 

Duk ɗalibin da ya buɗe Muhtasar na Shehu Halil a gaban malaminsa, tun a gabatarwa zai ci karo da malamai huɗu waɗanda mawallafin ya keɓe wa kowannensu alama: Lahmi, da Ibnu Yunus, da Ibnu Rushdi, da Maziri. Biyu daga cikinsu tushensu ƙasa ɗaya ce. Ibnu Yunus ana ce masa Assiƙilli, wato mutumin Sikiliya. Shi kuwa Maziri nasabarsa tana komawa ga Mazara, wani gari a gaɓar tsibirin. Kwanakin baya wani ɗalibi ya tambaye ni bayan darasi: Malam, ina ne wannan Sikiliya? Da na ce masa a yau tana cikin ƙasar Italiya, sai ya yi shiru, sannan ya ce: to ina Musulminta suka tafi? Amsar wannan tambaya ita ce wannan rubutu.

Sikiliya ita ce tsibiri mafi girma a Bahar Rum. Tsakaninta da ƙasar Italiya ruwa ne na kimanin kilomita 3 a inda ya fi ƙuntata, tsakaninta da Tunisiya kuma kusan kilomita 150. Jirgin da zai bi daga gabashin tekun zuwa yammacinsa dole ya ratsa ta gefenta. Ƙasa ce ta alkama tun zamanin Rumawan farko. Shi ya sa duk mai ƙarfi a kowane zamani ya sa mata ido.

Yadda Musulmi suka shiga

A shekara ta 212 bayan hijira, daidai da 827 Miladiyya, wani kwamandan jiragen yaƙi na Rumawan Kustantiniyya mai suna Fimi ya yi wa sarkinsa tawaye, ya haye zuwa Ifriƙiyya, wato Tunisiya ta yau, yana neman taimakon sarkin Aglabawa Ziyadatullahi. Wanda aka ɗora wa jagorancin rundunar alƙalin Ƙairawan ne, Asad ɗan Furat, wanda ya yi karatu a wurin Imamu Malik a Madina, mai littafin Asadiyya wadda Sahnunu ya gina Mudawwana a kanta. Yana da kusan shekara 70 a lokacin. Rundunar ta tashi daga Susa ta sauka a Mazara. Shekara ɗaya bayan haka Asad ya rasu ana cikin kewaye birnin Sirakusa, Allah Ya jiƙansa.

Cin tsibirin ya ɗauki lokaci mai tsawo. Palermo, wanda Larabawa ke kira Balarm, ya faɗi a 831, Sirakusa a 878, Taormina a 902. Bayan Aglabawa sai Faɗimawa, su kuma daga 948 suka miƙa ragamar tsibirin ga gidan Kalbawa. A zamanin Musulmi ne noman lemo da rake da auduga ya bunƙasa a can, aka haƙa magudanan ruwa a ƙarƙashin ƙasa don ban ruwa. Matafiyin nan Ibnu Hauƙal ya ziyarci Palermo wajen shekarar 973, ya ambaci masallatai kimanin 300 a birnin da kewayensa.

Su wane ne Normawa?

Asalinsu mayaƙan jiragen ruwa ne daga can arewacin Turai. A 911 sarkin Faransa ya yanka wa shugabansu Rollo ƙasa a arewacin Faransa don ya huta da harinsu, ita ce ake kira Normandi. Suka shiga Kiristanci, suka ɗauki harshen Faransanci, amma sana'ar yaƙi ba su bar ta ba. Daga cikinsu ne Wiliyam ya ci Ingila a 1066.

Tun farkon ƙarni na 11 samarinsu waɗanda ba su da gadon ƙasa suka riƙa kwarara kudancin Italiya suna sojan haya. Yau su yi wa wannan sarki yaƙi, gobe su yi wa abokin gabansa. A 1030 ɗayansu ya sami garin Aversa. Daga nan sai 'ya'yan wani ƙaramin basarake mai suna Tankared na Hotbil suka fara isowa. Mutumin yana da 'ya'ya maza 12, gonarsa kuwa ba ta isa ta riƙe su ba. Biyu daga cikinsu su ne suka shafe mu: Robat, wanda ake wa laƙabi da Giskar, wato mai wayo, da ƙanensa Rujar, wanda Turawa ke kira Roger.

Da ƙarfinsu ya fara ba Paparoma tsoro, sai Leo na Tara ya haɗa runduna a kansu. Suka ci shi a Civitate a 1053, suka tsare shi. Shekara shida bayan haka, a garin Melfi, Paparoma Nikolas na Biyu ya ga gara a yi da su, sai ya naɗa Robat mai mulkin Apuliya da Kalabiriya, ya haɗa masa da Sikiliya in ya ci ta. An ba shi takardar mallakar tsibirin tun Musulmi suna zaune a cikinsa.

Ƙofar da aka buɗe daga ciki

A wannan lokaci mulkin Kalbawa ya riga ya wargaje. Tsibirin ya rabu tsakanin shugabannin yaƙi, kowa da yankinsa: Ibnu Mankud a yamma, Ibnul Hawwas a tsakiya, Ibnus Sumna a gabas. Ibnul Asir ya ba da labarin cewa Ibnus Sumna yana auren Maimuna, 'yar'uwar Ibnul Hawwas. Wata rana cikin maye ya sa aka yanke mata jijiyoyin hannu, ɗansa ya kawo masu magani suka ceto ta. Da ta warke ta nemi izinin ziyarar ɗan'uwanta, ta ƙi dawowa. Ibnus Sumna ya ɗaura yaƙi, aka ci shi. Sai ya haye ruwa zuwa wurin Rujar ya yi masa alkawarin taimako in zai shigo.

A 1061 Normawa suka kama Messina da 'yan ɗaruruwan mahaya. Ibnus Sumna bai ci ribar abin da ya yi ba, an kashe shi a shekara ta gaba. Sarkin Zirawa na Ifriƙiyya, Tamim ɗan Mu'izzu, ya aiko 'ya'yansa biyu, Ayyuba da Ali, da runduna. Maimakon a haɗa kai, sai rikici ya ɓarke tsakanin baƙin da 'yan ƙasa, har aka kashe Ibnul Hawwas a ciki. Rujar ya ci Ayyuba a Misilmeri a 1068, 'yan agajin suka koma gida. A watan Janairu na 1072, daidai da 464 bayan hijira, Palermo ya miƙa wuya bisa sharaɗin a bar wa Musulmi addininsu da shari'arsu, su kuma su biya haraji. Babban masallacin birnin, wanda dama coci ne kafin zuwan Musulmi, aka sake mai da shi coci. Gari na ƙarshe, Noto, ya faɗi a 1091, a shekarar kuma Rujar ya haye ya karɓi Malta.

Mai karatu ya lura: rikicin cikin gida ne ya shigo da Musulmi a 827, shi ne kuma ya shigo da Normawa a 1061. Abin da ya ɗauki Musulmi shekara 75 kafin su kai Taormina, Normawa sun gama shi cikin shekara 30.

Malamai da yawa ba su zauna ba. Ibnu Makki, mai littafin Tasƙiful Lisan, ya koma Tunis. Ibnul Ƙaɗɗa'i masanin lugga ya koma Masar. Mawaƙin nan Ibnu Hamdis ya bar Sirakusa wajen 1078 zuwa fadar Mu'utamid a Ishbiliya, ya ƙare rayuwarsa yana begen ƙasarsa. Waɗanda suka rage mafi yawansu manoma ne da masu sana'a da 'yan kasuwa.

Rujar na Farko ya tarar da mutanen da suka fi nasa yawa

Matsalar da ta fuskanci Rujar ita ce: mutanensa 'yan tsiraru ne, talakawan ƙasar kuwa Musulmi ne masu Larabci, sai Kiristoci masu Girkanci a arewa maso gabas. Abin da ya yi kashi uku ne.

Na farko, bai bar manyan hakimai sun yi ƙarfi a tsibirin ba kamar yadda suka yi a kudancin Italiya. Ya riƙe mafi kyawun ƙasa a hannunsa, abin da ya raba wa mayaƙa da coci-coci kuma ya raba shi gutsu-gutsu. Duk wanda aka ba ƙasa ana haɗa masa da takarda mai ɗauke da sunayen manoman da ke kanta, ana kiranta jarida, an rubuta ta da Larabci da Girkanci. Harajin da Musulmi da Yahudawa ke biya ma sunansa bai sauya ba, jiziya ake ce masa. Sai dai yanzu mai karɓa jiya shi ne mai bayarwa.

Na biyu, ya ɗauki Musulmi aikin soja. Da su ya kewaye garin Kapuwa a 1098. Wani marubucin coci ɗan Ingila da ke wurin ya rubuta cewa Rujar ba ya yarda sojojinsa Musulmi su shiga Kiristanci. Dalilin a bayyane yake: sojan da ba na Paparoma ba ne, ba kuma na hakimai ba, ba shi da wanda zai dogara gare shi sai sarki.

Na uku, ya kafa kujerun bishop-bishop na cocin Roma, ya riƙe ikon naɗa su a hannunsa, ya kuma buɗe ƙofa ga baƙi daga arewacin Italiya, waɗanda ake kira Lombadawa, suka kafa garuruwa a tsakiya da gabashin tsibirin. Wannan mataki na uku shi ne wanda daga baya ya cinye na farko da na biyu.

Rujar na Biyu da aikin diwani

Rujar ya rasu a 1101. Matarsa Adelasiya ta riƙe mulki har ɗansu Rujar na Biyu ya balaga a 1112. Wata wasiƙar umarni tata ta shekarar 1109, da Girkanci da Larabci, ana lissafa ta a matsayin mafi tsufan takardar hukuma da ta rage a Turai wadda aka rubuta a kan takarda maimakon fata. Rujar na Biyu ya tashi a tsakanin masu Girkanci da masu Larabci. A 1127 ya gaje ƙasar 'yan'uwansa a kudancin Italiya, a ranar Kirsimeti ta 1130 aka naɗa shi sarki a Palermo. Paparoma Innosent na Biyu ya ƙi amincewa, ya fito yaƙi, aka kama shi a 1139, ya sa hannu.

Hannun damansa wani Kirista ne mai suna Jurji ɗan Antakiya, wanda ya yi shekaru yana yi wa Tamim aikin kuɗi a Mahdiyya kafin ya gudo Sikiliya. Ya san Larabci, ya san yadda ake tafiyar da baitulmali. Laƙabinsa Amirul Umara'i, kuma daga wannan kalma ta amir ce harsunan Turai suka samo sunan da suke kiran babban hafsan jiragen ruwa da shi har yau.

A zamaninsu aka tsara ofishin da ake kira Addiwanul Ma'amur, mai kula da ƙasar sarki da kuɗin shiga, aka kuma kafa Diwanut Tahƙiƙ, mai tantance iyakoki da mallaka. Suna da daftarori na iyakokin gonaki, da jaridun sunayen manoma. In hakimi da coci suka yi jayayya a kan gona, sai a tara dattawan yankin, Musulmi da Kirista, a zaga iyaka da su, a rubuta abin da suka shaida. Masu binciken waɗannan takardu sun nuna cewa salon rubutunsu da tsarinsu an kwaikwayo shi ne daga fadar Faɗimawa ta Alƙahira, wadda Rujar ke musayar wasiƙu da kyaututtuka da ita. Ibnul Asir ma ya ce Rujar ya bi tafarkin sarakunan Musulmi wajen hajibai da dogarai, ya kuma kafa diwanin mazalim inda wanda aka zalunta ke kai kuka.

Kuɗin zinariyar ƙasar shi ne wanda Musulmi suka bari, rubu'in dinari, Turawa na ce masa tari, da rubutun Larabci a jikinsa. Laƙabin Rujar a kansa shi ne Almu'utazzu Billahi. Zinariyar tana shigowa ne mafi yawa daga Ifriƙiyya a matsayin kuɗin alkama, ita kuma Ifriƙiyya ayarin Sahara ne ke kawo mata zinariyar Afirka ta Yamma. Alkyabbar sarautarsa tana nan har yau a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. A bakinta an saƙa rubutun Larabci da ke cewa an yi ta a babban birnin Sikiliya a shekara ta 528, lissafin hijira. Hoton da ke kanta kuwa zakuna biyu ne, kowanne ya danne raƙumi. Masu tarihi da yawa suna fassara shi da rinjayen Normawa a kan Larabawa.

A 1140 a garin Ariano ya fitar da dokokin da suka game masarautar, mafi yawansu an ciro su daga dokar Rumawa. Sun bar wa kowace al'umma al'adunta da hukunce-hukuncenta muddin ba su ci karo da dokar sarki ba. A ciki har da cewa ba mai yin aikin likita sai jami'an sarki sun gwada shi. A ciki kuma akwai hukunci mai tsanani ga wanda ya fita daga Kiristanci. Ƙofar shiga coci a buɗe take, ta fita kuwa a kulle.

Idrisi da littafinsa

Mafi shaharar Musulmin wannan fada shi ne Sharif Idrisi, haifaffen Sabta a gaɓar Maroko. Rujar ya ɗora masa aikin tattara bayanin ƙasashen duniya. An yi kimanin shekara 15 ana tambayar matafiya da 'yan kasuwa, ana gwada maganar wannan da ta wancan, abin da aka yi ittifaƙi a kai a rubuta. An zana duniya a kan faifan azurfa, aka kuma rubuta littafin Nuzhatul Mushtaƙ fi Ihtiraƙil Afaƙ, wanda aka kammala a watan Shawwal na 548, daidai da Janairun 1154, 'yan makonni kafin rasuwar Rujar. Ya raba duniyar da aka sani gida bakwai, kowane gida kashi goma, taswira 70 ke nan, kudu a sama arewa a ƙasa. A cikinsa ya yi magana a kan Takrur da tsohuwar daular Gana da Gawo da Kanem, ya kuma ambaci Kawar, wadda ke arewa maso gabashin Nijar a yau, da alif ɗin da ake fitarwa daga can. Labarin ƙasashenmu ya isa Palermo tun wancan zamani ta bakin fatake.

Haye wa Ifriƙiyya

Zirawa sun riga sun raunana tun bayan da Banu Hilal suka lalata Ƙairawan a 1057, ga fari da yunwa, ga dogaro da alkamar Sikiliya. Wanda yake ciyar da kai kuwa ya riƙe wuyanka. Jiragen Rujar suka kama tsibirin Jarba a 1135, Tarabulus a 1146, sannan Mahdiyya da Susa da Safaƙus a 1148. A mafi yawan garuruwan an naɗa gwamnoni Musulmi 'yan gari, aka ɗauki wasu danginsu zuwa Sikiliya a matsayin jingina.

Gwamnan Safaƙus shi ne Umar ɗan Abul Hasan Alfurrayani, mahaifinsa na cikin waɗanda aka tafi da su. Ibnul Asir ya ce kafin tafiyar tsohon ya yi wa ɗansa wasiyya cewa in dama ta samu ya tashi, ya ɗauka mahaifinsa ya riga ya mutu. A 1156 Umar ya yi tawaye, aka kashe tsohon a Sikiliya, Allah Ya jiƙansa. Sauran garuruwa suka bi, sannan Abdulmumini na Muwahhidawa ya ƙwace Mahdiyya a 1160. Mulkin Normawa a kan Mahdiyya bai wuce shekara 12 ba.

Inuwar sarki ta fara ja da baya

Tun kafin Rujar ya mutu alama ta bayyana. A 1153 aka ƙone Filib na Mahdiyya, babban bawan fada kuma kwamandan jirage, bisa tuhumar yana ɓoye Musulunci. A 1161, zamanin Wiliyam na Farko, hakimai suka yi tawaye suka fasa fada, suka kashe bayin sarki, aka ƙone daftarorin diwani, aka bi Musulmin Palermo da kisa a kasuwanni. A gabashin tsibirin Lombadawa suka afka wa maƙwabtansu Musulmi, waɗanda suka tsira suka gudu yamma. Hakiman sun fahimci cewa ƙarfin sarki yana cikin daftari da masu riƙe da shi, shi ya sa suka fara da su. Bayan 'yan shekaru wani babban bawan fada, Ƙa'id Bitrus, ya tsere zuwa wurin Muwahhidawa, ya koma sunansa Ahmad Assiƙilli, ya zama kwamandan jiragensu.

A watan Ramadan na 580, Disambar 1184, jirgin da ya ɗauko Ibnu Jubair daga aikin hajji ya fashe a gaɓar Messina. Ya zauna a tsibirin sama da wata uku, zamanin Wiliyam na Biyu. Ya faɗi alherin da ya gani: sarkin da kansa ya biya wa matalautan Musulmi kuɗin kwale-kwalen da ya fito da su, yana karatu da rubutu da Larabci, likitocinsa da mai dafa masa abinci Musulmi ne, matan Kirista na Palermo suna lulluɓi irin na Musulmi. Musulmin birnin suna da masallatai da kasuwanni da alƙalinsu.

Sannan ya faɗi abin da ke ƙarƙashin haka. Ba a yin sallar Juma'a a Palermo saboda an hana huɗuba, sai ta Idi kawai. Ma'aikatan fada da yawa suna sallah da azumi a ɓoye. Shugaban Musulmin tsibirin, Abul Ƙasim ɗan Hammud, an tsare shi an ci shi tara mai nauyi bisa zargin yana hulɗa da Muwahhidawa. Abin da ya fi sosa masa rai shi ne na cikin gida: ɗa in ya yi fushi da uba, ko mata da miji, sai ya faɗa coci a yi masa baftisma, daga nan ba mai iko da shi. Iyaye suka koma lallashin 'ya'yansu cikin tsoro. A garin Tarabani wani dattijo ya yi wa ɗaya daga cikin alhazai tayin 'yarsa budurwa, ya roƙe shi ya aure ta ko ya aurar da ita a ƙasar Musulmi, don ta tsira da addininta, ita kuma ta yarda ta rabu da iyayenta.

Me malamai suka ce?

An tambayi Imamu Maziri, wanda ya zauna a Mahdiyya ya rasu a 536 bayan hijira, game da hukuncin alƙalan Sikiliya, alhali suna zaune ƙarƙashin wanda ba Musulmi ba, shi ne kuma ya naɗa su. Wansharisi ya kawo fatawar a cikin Almi'iyar. Taƙaitaccen abin da ya ce shi ne: wanda ya zauna a irin wannan ƙasa saboda lalura, ko bisa wani tawili karɓaɓɓe, adalcinsa bai faɗi ba, kuma ana kyautata zato ga Musulmi. Naɗin da sarkin ya yi bai ɓata hukuncin alƙali ba, domin hana mutane cin haƙƙin juna wajibi ne ko ta hannun wa aka tsayar da shi. Irin wannan tambaya ce ta dawo wa malamanmu a 1903 lokacin da Turawa suka shiga Sakkwato: Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, Waziri Buhari ya zauna da jama'a ya rubuta hujjarsa.

Ƙarshen al'amari

Wiliyam na Biyu ya gina babban cocin Monreale daga 1174, ya ba shi ƙasa mai faɗi a yammacin tsibirin tare da manomanta Musulmi. Daftarin iyakokinta na 1182 yana nan da Larabci da Latinanci. Da ya mutu a 1189 ba ɗa, aka sake afka wa Musulmin Palermo, suka gudu kan duwatsu. A 1194 sarauta ta koma gidan Jamusawa ta hanyar aure. Musulmin duwatsu suka kafa tasu hukuma ƙarƙashin Muhammadu ɗan Abbad, wanda har kuɗi ya buga da sunansa. Sarki Firedarik na Biyu, jikan Rujar na Biyu ta wajen uwa, ya kama shi ya kashe a 1222. Daga nan aka fara kwashe Musulmi zuwa garin Lucera a ƙasar Italiya, aka gama a 1246. Sun zauna can suna noma suna yi wa sarki aikin baka da kibiya, har shekarar 1300 da Sarki Shal na Biyu ya rushe zaman, aka sayar da dubbansu bayi.

Abin da ya rage a yau sunaye ne da gine-gine. Unguwar Kalsa a Palermo ita ce Alhalisa, fadar Zisa ita ce Al'aziza, garin Marsala daga kalmar marsa ne, wato tashar jirgi. Harshen mutanen Malta daga Larabcin Sikiliya ya samo asali. A 2015 hukumar UNESCO ta sa gine-ginen Palermo na wancan zamani cikin kayan tarihin duniya.

Abin da ɗalibi zai riƙe

Za ka ji wasu suna kawo Sikiliya ta Normawa a matsayin misalin zaman lafiya tsakanin addinai, wasu kuma suna kawo ta a matsayin zalunci tsantsa. Adalci shi ne a faɗi duka biyun. Sarakunan sun kare Musulmi, sun girmama iliminsu, sun ɗauki tsarin mulkinsu, domin suna bukatar harajinsu da alƙalaminsu da bakansu. Amma kariyar tana rataye ne da mutum ɗaya. Duk lokacin da sarki ya raunana ko ya mutu, kamar 1161 da 1189, sai jini ya zuba. Haƙƙin da ba shi da madogara sai yardar mai mulki, ranar da aka sauya mai mulki sai a sake neman sa daga farko.

Sai kuma tafiyar malamai. Kowannensu yana da uzurinsa, ba ma zargin kowa. Amma jama'ar da aka bari ba mai karantarwa, cikin ƙarni ɗaya 'ya'yanta suka fara zamewa ta ƙofar rikicin cikin gida, kamar yadda Ibnu Jubair ya gani da idonsa. Wannan ya shafi duk al'ummar Musulmi da ke zaune a matsayin tsiraru: makarantar unguwa da zaman lafiyar gida suna gaba da kusanci da fada.

Sai daftari. Normawa da takobi suka ci tsibirin, amma da rubutu suka riƙe shi: sunan kowane manomi, iyakar kowace gona. Wannan ilimi na Musulmi ne, a hannunsu aka karɓe shi. Masallaci ko makaranta ko filin waƙafi da ba shi da takarda, yana hannun wanda ya rubuta tasa.

Farkon duk wannan kuwa shugabanni uku ne da suka kasa zama inuwa ɗaya, har ɗayansu ya haye ruwa ya kira baƙo a kan surukinsa. Bai kai shekara biyu a raye bayan haka ba, baƙon kuwa zuriyarsa ta yi sama da ƙarni tana mulki.

Allah Ya jiƙan Asad ɗan Furat da Ibnu Yunus da Maziri da sauran Musulmin Sikiliya, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda sunansu bai rage ba sai a jaridar haraji. Allah Ya haɗa kawunanmu a kan gaskiya, Ya amfanar da mu da abin da muka karanta.